Rana ta Shida

Ofishina na hawa na uku a Nishantashi:
taga ɗaya, kofin shayi siriri mai ƙugu,
da taswirar da rana ta shanye shuɗin tekunta.
Shekara ashirin da biyu ina ɗinka wa masu hali tafiya
yadda tela ke auna kafaɗa.
Wannan ba ya cin albasa,
waccan sai matashin gashin agwagwa,
wancan yana son dutsen ƙanƙara, amma kada sanyi ya taɓa shi.
Na san wanda zan kira a buɗe gidan tarihi da tsakar dare.
Na san sunan karen mai otal a bakin tafkin Komo.

Ranar wata Talata Ferit Bey ya shigo,
mai masaƙu huɗu a Bursa, saba'in da ɗaya a duniya.
Ya ɗora sandarsa kan teburina kamar da ita zai biya.
Na buɗe littafi. Tsibiri? Jirgin ruwa naka kai kaɗai?
Kuku daga Faransa?
Ya girgiza kai.
"Nermin Hanim, so nake in ɓata."

Na ce, ranka ya daɗe, ai hana ɓata ne abincina.

Ya ce yana ɗan shekara sha tara jirgin ƙasa ya tafi ya bar shi
a wata tashar da ko sunanta bai riƙe ba.
Wata tsohuwa ta ba shi miyar wake a tsagaggen kwano,
ya kwana kan benci, ya yi matashi da takalminsa.
"Tun daga nan, duk inda na sauka
akwai mai jirana da allo, sunana a jiki.
Na gaji da ganin sunana."

Mako uku ina fama.
Na samo jirgin da zai tashi kafin lokaci,
na yi hayar tsohuwa, na zaɓi kwanon da kaina,
na sa direba ya laɓe bayan coci
da bargo da maganin hawan jini.
Da na karanta shirin sai kunya ta rufe ni.
Kama da wane ba ta wane.
Na yaga.

Abin da na miƙa masa kwana tara ne a Jojiya,
takarda mai kauri, ɗaurin zaren siliki,
kowace safiya da sa'arta, kowane tebur da tagarsa.
Rana ta shida kuwa, fari fat.
Ba direba, ba ɗaki, ba lambar waya.
Ya daɗe yana kallon shafin.
"Wannan nawa?"
Na ce shi ya fi tsada,
don ranar ni ce ba zan runtsa ba.

Ban kuwa runtsa ba.
Na kwana a ofis, waya a cinya,
har ladanin Teshwikiye ya kira asuba.
Ta bakwai, shiru.
Direba na tsaye a Kutaisi, allo ya gajiyar masa da hannu.
Na ƙirga asibitoci, na ƙirga 'ya'yansa da lauyoyinsu.
Ta takwas, bayan la'asar, saƙo ya faɗo:
hoton takalmi ɗaya, laka har wuya,
a ƙasa ya rubuta,
"Miyar ba daɗi. Ruwan sama ya ba ni kashi.
Kada ki aiko kowa."

Yammacin nan na rufe ofis da wuri.
A Beshiktash jirgin Kadikoy na tsaye inda ya saba,
shi nake hawa tun gashina na baƙi.
Na gefensa ban san inda za shi ba.
Allon na sama, harufa manya-manya.
Na sunkuyar da kai don kada in karanta,
na sayi burodin riɗi guda,
na bi bayan wata mata mai ɗauke da kejin tsuntsu,
na shiga.